Wanda Zai Ɗaga Kaka

A gidanmu na Inkil ba a jin tatsuniya a banza. Da an idar da magariba Kaka za ta jawo murhu kusa, ta juye gyaɗa a tabarma ta ce mu ɓare. Kuma a tsugune, dunduniya a ƙasa. In labari ya ƙare sai ta ce, "To ku miƙe, kada wanda ya dafa ƙasa." Wanda ya riga miƙewa bai yi tangaɗi ba, shi take miƙa wa hannu ya ɗaga ta, shi ne kuma "maigidana" a wasan kaka da jika har washegari.

Ni Bello ban taɓa ci ba. Kullum Isiya ne, ɗan kawuna, wani siriri kamar sillen kara. Ina fama da ƙafa ta yi tsami, shi tuni ya yi zumbur. Wallahi haushin yaron nan nake ji. Har tsakuwa na taɓa tura masa ƙarƙashin ƙafa, ya taka abinsa ya miƙe.

Akwai tatsuniyar da Kaka ta fi yawan ba mu. Takan fara da, "Ga ta nan ta shigo, ku ba ta wuri." Wai wani rago ne ba shi da aiki sai gwabza kai da kututture don wuyansa ya yi kauri, har duk gari ana shakkarsa. Akuya kuwa kullum tana hawa dutse tana sauka, ta miƙe ta ciri ganye, ta durƙusa ta sha ruwa. Rago yana yi mata dariya. Ran nan ruwa ya ci gari, akuya ta haye dutse abinta.

"Rago fa, Kaka?"

"Yo rago ya tsaya tunkuyin ruwa mana!"

Kowa ya bushe da dariya. Ni dai na ga kamar ni ta kalla.

Da na girma na samu aiki a cikin gari, na shiga wani gidan ɗaga ƙarfe wajen Shadawanka. Ƙirji ya buɗe, damtse ya cika riga. Isiya yana nan gida yana noma da jidon ruwa, yadda yake ɗin nan. Na ce a raina, yanzu ma ga maigida.

Bara na je gaishe da Kaka, sai ta zame a bakin makewayi. Na ture kowa, na sunkuya ƙafafuna a miƙe, na cicciɓe ta da ƙarfin hannu. Sai ji na yi bayana ya ce ƙas! Na sake ta, na zube gefenta. Isiya ya zo ya tsuguna, ya rungume ta a ƙirji, ya miƙe da ƙafafunsa kamar ya ɗauki tulu.

"Allah ya yi maka albarka, maigidana," in ji ta. Wannan kalma ta fi ciwon bayan cin raina.

Da na samu sauƙi, likita ya tura ni wurin wani mai horar da motsa jiki. Ya ce, "Malam Bello, ajiye ƙarfen nan tukuna. Tsuguna mu gani." Na tsuguna, na faɗi ta baya. Ya ce jiki abin da aka saba masa yake iyawa: ni na koya masa tura ƙarfe a kwance kan benci, mutum kuwa daga ƙasa ake ɗaukarsa. Ya sa ni tsugunawa da miƙewa, zagaye da jarka biyu cike da ruwa, tashi daga tabarma ba dafawa, ɗaukar buhun yashi daga ƙasa baya a miƙe. Sai a nan na gane ba mugunta ta sa Kaka take hana mu zama ba, jikin da zai yi mana aiki take gina mana. Yau ina tasowa daga sujada ba nishi, amma in faɗi gaskiya, don in kere Isiya na jure.

Bayan wata huɗu na koma Inkil. Mantuwa ta riga ta kama Kaka. La'asar ta yi, tana laluben tashi ta yi alwala. Na yi sauri na tsuguna a gabanta, na buɗe hannu.

"Kaka, kawo in ɗaga ki."

Ta daɗe tana kallona.

"Na gode, bawan Allah. Kira min Isiya, shi ya iya."

Na kira shi. Ni na riƙe musu buta.