Ranar Da Birakit Ya Tsaida Mu A Mubi

Shekarun baya, wata safiya da damina, ɗan kawuna ya kira ni daga Michika ya ce jikin babansa ya yi tsanani, kuma sunan mahaifiyata yake ta kira. Ita da wannan ƙanin nata sun daɗe ba sa magana saboda gonar da kakanmu ya bari. Ko a biki suka haɗu, kowa gefensa yake zama.

Na sha wuya kafin ta yarda. Sai da rana ta ɗaga ta yafa mayafi, ta shiga tsohuwar motata ba tare da ta dube ni ba.

Ba mu fita daga cikin Mubi ba injin ya fara wani irin ƙara kamar ana yanka akuya, jar fitilar batir ta kama. Na lallaɓa zuwa garejin abokina, bakanike ne da muka yi firamare tare. Yana buɗe bonet ya kama altaneta, na'urar da ke cajin batir, ya girgiza ta. Ta yi lilo a hannunsa.

"Birakit ɗin ya tsage," in ji shi, ya nuna min ƙarfen da ke riƙe da ita a jikin inji. "Shi ya sa fambel, robar da ke juya ta, yana kuka."

Na ce ya ɗaure min da waya mu tafi, in mun dawo a gyara.

"Da waya? Ko garin Uba ba za ka kai ba. Fambel zai tsinke, mota ya yi zafi, ka bar Mama a daji."

Na leƙa ta taga na ce mata ko mu je tasha mu hau ta haya. Ta ce, "In na sauka daga motar nan, gida zan koma. Dama Allah ne ya nuna maka tafiyar ba alheri."

Daga nan na kasa tsayuwa wuri ɗaya. Abokina ya cire kan batir, ya sassauta noti, ya zare fambel, ya sauke altanetar ya ajiye a kan kwali. Da ya zo kan birakit, bol ɗaya ya ƙi motsi saboda tsatsa. Ya zuba masa mai, ya ɗan bubbuga, ya koma gefe yana jira. Ni kuwa na zaga motar, na duba waya, na sake zagawa. Na ɗauki sifana wai zan taimaka, ya karɓe ya ce in na karya bol ɗin a ciki sai gobe. Ɗan kawuna ya sake kira. Na ce masa ga mu nan a hanya, alhali injin motata na buɗe, kayansa a ƙasa.

Da ƙarfen ya fita, da kaina na ruga da shi wurin mai walda. Babu wuta, sai da ya tada janareta. Na tsaya a kansa ina cewa ya yi sauri har ya ce in matsa kada idona ya mutu. Yana gamawa na cafke ƙarfen tun bai huce ba. Tabon yana tafin hannuna har yau.

Da na dawo na tarar mahaifiyata ta buɗe ƙofa, ƙafa ɗaya a ƙasa. Na ɗauka gida za ta koma. Ashe ba tafiya za ta yi ba, labarin gonar take ba abokina tun daga farko: yadda aka raba, wanda ya matsar da iyaka, kalmar da kawu ya gaya mata a gaban surukanta. Shi kuma kansa na cikin inji, yana ɗaura birakit, yana cewa, "Haka ne, Mama." Ya mayar da altaneta, ya ɗora wani miƙaƙƙen ƙarfe ya ga bakinta bai yi daidai da na inji ba, ya sake kwancewa ya ƙara washa. Kamar in yi kuka. Ita kuwa ko a jikinta, tana ta zuba.

Can ya ɗago ya tambaye ta, "To gonan yana nan har yanzu?"

"Mayo, kogin nan, ya cinye rabinta," in ji ta. Daga nan ta bar zancen gonar.

Ya ba ni dogon ƙarfe ya ce in banƙare altanetar har fambel ya yi tauri. Ya ɗaure, ya danna da babban yatsa, ya ce in tada. Ƙarar ta ɗauke, fitilar ta mutu. Mahaifiyata ta ja ƙafarta ciki ta rufe ƙofa da kanta.

Bayan la'asar muka isa. Kawu na kwance a tabarma, ya rame ƙwarai. Ya ce, "Yaya, kin zo." Ta zauna kusa da kansa ta ce, "Ka ci wani abu kuwa?" Ni kaɗai na dawo Mubi. Ita ta yi jinyarsa har ya rasu bayan girbi.

Ba zan ce ranar ta koya min haƙuri ba, don har gobe in an tsaida ni sai na zaga wuri. Amma da daɗewa bayan haka na taɓa ce wa mahaifiyata saura kaɗan motar nan ta cuce mu. Ta ce, "Ai da faɗa na fito daga gida. Da mun isa da wuri, a kan kawunka zan sauke shi."