Kawu Mai Fenti da Karen Katanga

Tun ina ƙarami, duk kazar da ke jikin shagon mai kaji a unguwarmu, duk saniyar da ke allon mahauta, aikin hannun kawuna ne. Mai Fenti kowa ke ce masa, har matarsa. Da na tafi karatu nesa da gida, in aka tambaye ni ko akwai mai zane a danginmu, sai in ce akwai, gwani ma kuwa. Shi ya sa abin da na tarar bayan dawowata ya ɗaure min kai.

Na same shi a shago zaune a kan gwangwanin fenti, ya buɗe wani tsohon akwatin katako yana kallon cikinsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Gara ce ta shiga. Ba abin da ya rage sai ƙasa da guntayen takardu.

"Kawu, lafiya?"

"Ina fa lafiya, ɗan nan? Shanuna, kajina, dawakina, duk gara ta yi kalaci da su."

Ashe hotuna ne da yake yankowa daga kalanda da jaridu tun yana saurayi. Yakan ɗora takarda shara-shara a kan hoto, ya bi layin gefe, sannan ya ƙara masa girma a bango. Haka ya yi duk aikin rayuwarsa. Ga shi shugabar wata makarantar yara ta ba shi katanga guda ya cika ta da dabbobi suna guje-guje kafin a dawo daga hutu, kuma rabonsa da babban aiki irin wannan tun da masu buga hoto da inji suka cika kasuwa.

Na ce, "To ka zana da ka mana."

Ya miƙe. Ya ɗauki alli ya nufi ƙofar shagon. Ya fara daga tsinin kunne, ya bi ta wuya, ya gangara, ya zagayo, amma layin ya ƙi haɗuwa. Akuya ya yi nufi. Abin da ya fito tebur ne mai gemu.

Matarsa da ta shigo da ruwa ta tsaya cak.

"Innalillahi! Mai Fenti, wannan kuma wace halitta ce?"

"Ke, ajiye ruwan ki ba mu wuri."

"Ni da nake cika baki a cikin mata, ina cewa mijina ko ido a rufe zai zana doki?"

Na ce a je a bugo sababbin hotuna. Ya zaro ido.

"Wurin yaran da suka ƙwace min kasuwa? In ce su bugo min akuya? Ai kafin in iso gida labari ya riga ni."

A makarantar da na yi akwai wata malamar zane da na zauna ajinta don sha'awa kawai. Ta hana mu fara dabba daga gefe. Na nuna wa Kawu abin da na tuna: a fara jan layin gadon baya da bugu ɗaya, yadda ya lanƙwasa ko ya miƙe. A ɗora ƙirji kamar ƙwai, kwankwaso kamar ƙaramin tulu, ciki a tsakaninsu kamar buhun da bai cika ba, yana matsewa in dabba ta dunƙule, yana miƙewa in ta yi tsalle. Kunne da ido su zo ƙarshe. Kuma a kalli dabba sosai, a juya mata baya, sannan a zana.

"Wato in zana buhu in ce akuya ce?"

"Haka ake farawa, Kawu."

"Karatun da aka tura ka ke nan?"

Duk da haka ya gwada. Ya koma zama a bakin titi da gawayi a hannu, ya ƙura wa awakin maƙwabta ido, ya juya ya fuskanci bango yana zane. Mai shayin unguwarmu ya ja ni gefe ya tambaye ni ko an kai Kawu asibiti. Wahalarsa ɗaya, hannun ya saba: da ya ɗaga gawayi sai ya ruga wurin kunne, sai ya yi tsaki ya goge.

Wata rana ya ƙwala min kira kamar gobara ta tashi. Na tarar yana nuna ƙafar bayan wata tunkiya.

"Dubi nan! Abin da ya lanƙwasa baya ɗin nan ba gwiwa ba ce, dunduniya ce! Gwiwar tana can sama jikin ciki. Na zana ƙafar nan ya fi a ƙirga, ban taɓa sani ba!"

Daga ranar awakinsa suka fara tsalle. Ya hau katangar makaranta ba takarda ko ɗaya a aljihu. Awaki, kyanwa, zakara ya buɗe fukafukai, kuma dab da ƙofar shiga ya sa wani kare ya sunkuyar da kai, gashin wuya a tsaye, baki a yage.

Ranar da aka koma makaranta shugabar ta aiko a kira shi da gaggawa. Na bi shi. Muka tarar da iyaye cirko-cirko, wata yarinya ta ƙanƙame zanin uwarta tana ihu, ta ƙi wuce ƙofar.

Shugabar ta ce, "Mai Fenti, dabbobi na ce ka zana mana, ba ka tsare mana ƙofa ba. Yara sun ƙi shiga!"

Kawu ya kalli yarinyar, ya kalli karen, baki buɗe.

"Malama, tsoronsa take ji? Da gaske?"

"Kai dariya ma abin ya ba ka? Ka rufe masa baki yau ɗin nan, ka kwantar da gashin nan. In ka gama, akwai katangar baya, ita ma a cika ta. Amma ban da kare."

Ya tsuguna ya buɗe gwangwanin fenti. Sai da ya ɗan jima da buroshi a hannu yana kallon haƙoran, sannan ya fara shafe su ɗaya bayan ɗaya.