Darar Alhaji da Teburin Baba Inuwa

"To ni na ce ya sa jar dara?" in ji Baba Inuwa mahauci, yana wasa wuƙa. "Tsuntsu ya hango ja daga sama, ai nama zai zata."

Ni da nake taya shi aiki, na sunkuyar da kai ina danne dariya. Jiya da azahar shirwa ta sure hular Alhaji Murtala, wanda a jikin katangarsa Baba ke kafa teburin nama a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi. Alhaji ya shige gida ba hula, ya aiko da saƙo: ko a daina tara masa tsuntsaye, ko tebur ya tashi kafin Juma'a.

Shekara goma sha tara Baba ya yi a gindin katangar nan. Fawa gado ya yi. Kullum in ciniki ya lafa sai ya tara jijiya da guntun huhu a tsohon kwano, ya yi fito, ya riƙa cillawa sama, shirwa na cafewa. Masu kiwon kaji sun tsani abin. Wasu ma cewa suke boka ne ya gindaya masa.

Mama Esther, tsohuwar malamar firamare, ta zo sayen hanta.

"Baba, 'yan tsakina uku aka sure a wata guda. Ka haƙura mana, ka tsira da wurinka."

"Malama, mai ƙoshi ba ya sata. Mayunwatan unguwar Darmanawa ne suka ɗebe miki, ba nawa ba."

"Au, har rajista kake musu?"

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ƙara mata gyara. Da ta tafi ya juyo gare ni.

"Ɗan nan, ka taɓa ganin ungulu da idonka?"

Na ce a'a.

"Muna yara da ƙafa muke ture su a mayanka. Aka bi su da guba da tarko, muna kallo, har da ni. Yanzu sai a karin magana. Waɗannan kam ba a gabana ba."

Na tambaye shi ina zai koma. Ya ce ya ga wani fegi a Tarauni, bayan filin ƙwallo, ba inuwa, ba kowa.

"Masu sayenka fa, Baba?"

"Mai son nama yana da ƙafa. Juma'ar ma ba zan jira ba."

Ya rufe sauran naman da takarda, ya ce in duba masa tebur. Ya ɗauki kwanon ya miƙe hanyar Tarauni yana fito, don tsuntsayen su fara koyon sabon wuri.