Awon Maza

Yayana direban motar siminti ne a Malbaza. Shekarar da fitsari ya fara yi masa gardama, ni na ja shi gidan likita a Ƙonni. Kafin mu kai Tsarnawa ya tsaya sau uku, ya tsuguna gefen hanya, ya taso ba a yi komai ba.

Lokotoro ya yi bayani da Faransanci, ma'aikaciyar da ke fassara ta taƙaita. Ta ce wata tsoka ce ƙarƙashin mafitsara take kumbura wa dattawa, gobe za a ɗibi jini kaɗan a hannu a duba. Sai ta ƙara kalma biyu da suka ɓata komai: "Awon maza ne, Baba."

Da la'asar ya kai maganar majalisarsu ta bakin tasha, inda ƙarti shida masu furfura ke wuni suna gadin butar shayi. Na san su sarai, a gabansu nake tuyar ƙosai. Ba wanda ya gama aji uku a lakwal, amma in ana zancen jikin mutum duk lokotoro ne.

Babbansu, wani mai faci, ya ce, "Awon maza? Kai da ɗiya tara, mi za a auna maka? Sai dai in uwargida ta kai ƙara."

Aka kwashe da dariya. Daga ranar, in ya doso sai su ce ga wanda za a ɗora bisa sikeli. Ni kuwa ina kallonsu suna zagayawa bayan katanga da buta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya daɗe, ya dawo yana cije leɓe. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Na same shi gida na ce, "Yaya, jini na fa za a ɗiba ga hannu, ba a ko taɓa wandonka."

Ya ce, "Ke macce ta, ba ki ganewa. Ba ni zuwa."

Na raina shi ranar, Allah ya yafe mini. Mutumin da ke murza tirela cike da siminti, dariyar mai faci ta kayar da shi. Shekara biyu yana ɗura wa cikinsa jiƙe-jiƙe.

Ranar da fitsarin ya tsaya cak, a kwance muka kai shi. Aka yi awon, lokotoro ya ce da an zo tun farko da abin ya zo da sauƙi. Aka sallame shi da robar fitsari da jakarta ɗaure a cinya, ya ajiye tuƙi. 'Yan majalisa suka zo dubiya, suka ce ƙaddara ce, suka shanye kunun da na dama masa.

Juma'ar farko na tarar ya sa babbar riga yana zaune bakin gado, ana ta kiran salla bai tashi ba. Bai dube ni ba ya ce, "Auta, tahi ki tambayo min malam ko salla tana karɓuwa da abin ga. Ki ce wani na, ba ni ba."