Disket Mai Ƙanshin Turare

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da Inna Hadiza ta shigo ofishinmu a Birnin Kudu ba. Lokacin ni ne babban ma'aikacin kwamfuta, saura shekara biyu in yi ritaya. Mutuniyar Kwandiko ce ta ƙasar Gwaram, daga asibiti take, ƙanwarta na riƙe da hannunta. Bayan gaisuwa ta kwance bakin zani ta miƙo mini ƙunshin tsumma, wai an ce mata in ba ni ba babu mai iya buɗe wannan abu.

Disket ne. Ku yaran yanzu da kuka buɗe ido da filash ba ku san shi ba. Ɗan kwanso ne na roba, a cikinsa akwai baƙin faifai siriri kamar leda, a nan ake ajiye rubutu da hoto. Nata kuwa ƙanshi yake tashi kamar kayan amarya.

Na ɗanta ne, Habu. Ya ɗauki hoto don cike fom ɗin makarantar koyon aikin jinya, aka zuba masa a ciki, sai haɗarin mota ya yi ajalinsa a hanyar Gwaram. Bayan sadakar bakwai mahaifinsa ya ƙona hotunansa duka don ta daina kuka. Wannan ne kawai ya tsira, don bai san ko mene ne ba. Shekara da shekaru tana ɓoye da shi a ƙasan kwalla tare da hular yaron, kowace Juma'a ta shafa musu turare. Yanzu likita ya ce ganinta tafiya yake yi, kuma ba zai dawo ba.

Ta ce, "Malam, fuskarsa ta fara ɓace mini. In gan shi sau ɗaya kafin duhun ya rufe."

Wallahi na san irin ɓarnar da man turare ke yi wa faifai. Na nemi izinin ogana, ya ce aikin gwamnati ba zai gudu ba, ya ba ni makullin sito. Na jawo tsohuwar kwamfutar da muka jingine, na kakkaɓe ta, na saka disket. Ta yi ƙarar nan tata, gurr, gurr, ta ce babu komai. Sau uku.

Sai na koma dabarar da. Na ɓare kwanson da reza, na zaro faifan, na ɗiga sifirit, ruwan nan na goge rauni, a auduga na dinga goge shi a hankali daga tsakiya zuwa baki. Da ya bushe na mayar da shi cikin kwanson wani disket mai lafiya. Na sake saka shi a kwamfutar.

Hoton ya fara saukowa daga sama, layi-layi. Hula, goshi, ido, hanci. Daga nan ya tsaya cak, sauran duk toka-toka. Na yi, na yi, ya ƙi. Kunya ta kama ni, na ce mata turaren ya cinye rabin, ta yafe mini.

Ko saurarona ba ta yi ba. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta daɗe a haka, numfashinta na barin tabo a kai. Can ta ce, "Shi ne. Bar sauran, Malam, ban manta dariyarsa ba. Idon ne ya ɓace mini."

Na buga mata shi a babbar takarda, ta naɗe tare da hular. Disket ɗin ma ta karɓe abinta.

Ina kewar zamanin nan, ba na ɓoyewa, lokacin da abin da mutum ya ajiye yana da jikin da za a riƙe a shafa. Shi ya sa nake muku faɗa in na ji mutum ya kawo abin gyara kun ce masa "ya mutu, jefar" tun ba ku gwada ba. Ku fara tambayarsa me ke ciki. Bayan damina ƙanwarta ta leƙo ta ce idon Inna ya rufe gaba ɗaya, amma kowace Juma'a takan warware takardar, ta ɗora yatsa daidai kan idon Habu, ba ta taɓa kuskurewa ba.