Tafiyar da Hammu Ya Aro

A kasuwar Warzazat ana cewa Hammu ɗan kawuna ya mutu sau arba'in, kowane karo kuma ya taso ya nemi shayi. Ƙarya ce. Sau bakwai ne kacal, kuma duk a gaban kyamara.

Sana'arsa ke nan: in masu fim suka zo neman gawarwaki masu tafiya, a shafa masa toka, ya bi jarumi yana gurnani. Shekara tara yana can bayan layi, ko hancinsa ba a gani. Bana sai ga shi a sahun gaba. Darakta ya rantse bai taɓa ganin tafiya irin tasa ba.

Ni na san inda ya samo ta. Tun da ɓarin jikin Kawu Addi ya shanye, Hammu ke kai shi asibiti, yana damun likita da tambaya. Likita ya ce masa ƙafar lafiyarta ƙalau, saƙon ƙwaƙwalwa ne ba ya isa gare ta. Hammu ya riƙa bin mahaifinsa a baya yana kallo: jan ƙafar hagu, hannu a naɗe a ƙirji. Ya ce in na faɗa a gida zai binne ni da rai.

Ban faɗa ba. Na dai ce wa Kawu ɗansa ya zama tauraro. Tsoho ya kafe sai an kai shi ya gani.

Muka iso ana shirin ɗauka. Hammu ya hango mu, duk da tokar sai da na ga fuskarsa ta sauya. Darakta ya ɗaga murya a fara. Gawarwaki suka taho, ta gaba ta ƙi motsi. Aka sake. Shiru. Darakta ya ce karo na uku in Hammu bai taka ba, ya wanke fuska ya tafi gida.

Ya taka. Taku huɗu, biyar, kansa a ƙasa.

Sai Kawu ya dafa sandarsa ya miƙe, ya nufi tsakiyar fili. Jan ƙafa iri ɗaya, naɗin hannu iri ɗaya da na Hammu. Kowa ya gani.

Ya tsaya gaban Hammu, ya daɗe yana haɗa maganar, don harshensa ya yi nauyi.

"Tafiyar tawa ce, ɗan banza. Na ba ka aro. Amma mataccen idon nan ba nawa ba ne. Ni na san inda za ni."

Ya juya ya koma kujerarsa, aka ɗauki fim.

A hanyar gida na ce, "Marigayi, yaushe za a yi sadakar bakwai?"

Hammu ya dube ni ya ce, "Ni sai an shafa mini toka nake rasa ƙwaƙwalwa, kuma da la'asar ake dawo mini da ita. Taka wa ya riƙe?"