Kafar da aka toshe a katangarmu

Kafin a kawo titi, Inna ba ta taɓa neman izinin kowa don ta je wurin Kaka ba. Akwai kafa a katangar bayan gidanmu, daidai mutum ya sunkuya ya wuce. Ta nan za ki faɗa gidan marina, ki bi ta bayan rumbunsu, ki sake sunkuyawa, sai ga ki a tsakar gidan Kaka. Duk matan unguwar haka suke yawonsu da rana tsaka, ba mayafi, ba idon namiji. Nan ake miƙa gishiri, nan ake jin wa ta haihu.

Ina aji uku a sakandare kuɗin fetur ya iso Daura. Na dawo hutu na tarar da masu safiyo sun shafa jan fenti a gidan marina, alamar titi zai bi ta nan. A zaure suka zauna da maza, suka duba ƙofofin waje, suka ce ba wanda za a tare wa hanya. Wa ya shiga ciki ya tambaya? Ba ko ɗaya.

Na ce, "Baba, to Inna ta ina za ta riƙa bi?"

Ya ce, "Ke dai da bakin boko. Titi ai na kowa ne."

Ƙarya ne, ba na kowa ba ne. Katafila na rushe gidan marina, kafarmu ta koma kallon kwalta, washegari Baba ya sa aka toshe ta da laka. Mai shayi ya kafa tebur a bakin titin, direbobin Zango suka mai da wurin majalisa. Matar aure ba ta ratsa wannan da rana. Sai bayan magariba, sai an tambaya, lokacin kuma Kaka ta fara gyangyaɗi.

Ni aka koma aika da furar da Inna ta saba kai wa Kaka. Ranar farko Kaka ta karɓi kwanon, ko buɗewa ba ta yi ba.

"Ke 'yar nan, furar nake kewa? Ina uwarki?"



Har yau wurin da aka toshe ya fi sauran katangar duhu. Da la'asar Inna takan ja tabarmarta can ta jingina da shi, tana tsince shinkafa, motoci na wucewa a bayanta.